Idan Faifan SSD Ya Yi Shiru: Jagora ga Masu Aikin Fito a Tashar Jidda

Duk wanda ya taɓa tsayawa da hantsi a bakin Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda, ya ga manyan motoci sun yi jerin gwano da kwantenoni a bayansu, ya ga ƙugiyoyin ƙarfe suna tsamo kaya daga cikin jirage, ya ji kukan tumakin da aka ƙetaro da su daga Sudan da Somaliya gabanin aikin Hajji, zai yi zaton dukiyar wannan wuri a cikin ƙarfe da dabbobi da buhunan shinkafa take. Alhali kuwa, tun da aka mayar da sha'anin fiton kaya kan dandalin intanet na Fasah, babu kwantenar da ke fita sai da takarda, takardar kuwa ta bar aljihun tebur ta koma cikin wani ɗan faifai wanda bai kai tafin hannu ba. Wannan tasha, wadda Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya mayar da ita mashigar Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, kuma wadda kakanninmu suka riƙa sauka a cikinta daga Sawakin bayan tafiyar shekaru a ƙasa, har yau ba ta rabu da Hausawa ba: akwai 'yan Kano-Jidda, akwai masu awon kaya, akwai samarinmu da ke zaune gaban kwamfuta a ofisoshin masu fito, waɗanda Larabawa ke kira mukhallis. Dominsu na rubuta wannan jagora.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, wata ranar Alhamis ce, bayan Azahar, aka kira ni wani ofishin awo da ke kusa da tasha. Na tarar da maigidan ofishin, dattijo, yana zaune ya zuba tagumi, magatakardansa kuma, yaro mai hankali da ladabi, yana tsaye gaban kwamfuta gumi na zuba masa duk da sanyin na'ura. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, jiya fa lafiya lau muka rufe ta." Yaron ya ce, "Wallahi Baba, ban taɓa kome ba, kunnawa kawai na yi ta ce ba ta ga faifai ba." Na kuwa gaskata shi. Amma da na ci gaba da tambaya, sai na iske ya kashe ya kunna ya fi sau ashirin, sa'an nan ya cire faifan ya kai wa wani mai gyaran waya, shi kuwa ya yi masa abin da suke kira filashin. Faifan ya farfaɗo sarai, sai dai babu kome a cikinsa. Abin da ya tafi kuwa shi ne daftarin wata kwantena ta haɗaka, wato lissafin wace Hajiya ce ke da katan nawa, da alamar kowa, da wanda ya biya da wanda ake bi, ga kuma wasu kaya a tasha kuɗin ajiya, wato ardiyya, yana hawa kansu kowace safiya.

Kafin a san magani wajibi ne a san halin mai ciwo. Tsohon faifai mai juyawa yana da faranti da allura, kuma idan ajalinsa ya gabato yakan yi ƙara, ya yi nawa, ya ba mai shi kwanaki ya kwashe kayansa. SSD ba shi da abin da ke motsi. Ƙwayoyin ajiya ne da ke riƙe ɗigon cajin lantarki a cikin ɗakuna biliyoyi, da wata 'yar ƙwaƙwalwa mai suna kwantirola, da manhajar ciki da ke tafiyar da ita, wadda masu sana'a ke kira famwaya. Ɗakunan nan suna da iyakar yawan rubutu da sharewar da za su ɗauka, saboda haka kwantirola ba ta barin bayani wuri guda, kullum cikin sauya masa masauki take don kada wani sashe ya riga wani tsufa, tana kuwa riƙe da wani babban daftari mai nuna inda kowane gutsure ya koma. Mai aikin tasha zai fi kowa fahimtar wannan, domin ya san filin kwantenoni: dubbai ne jibge a kan juna, ana kuma sauya musu wuri dare da rana, kuma da za a wayi gari rajistar filin ta ɓace, da kayan kowa suna nan daram amma ba wanda zai iya nuna nasa. Galibin abin da ake kira mutuwar SSD farat ɗaya, wannan rajistar ce ta rikice, ko don wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta ta, ko don wani kuskure da aka haifi famwayar da shi. Abin da filashin ya yi a ofishin dattijo shi ne buɗe sabuwar rajista fara fat, wadda ta ce filin duka wofi ne.

Kada kuwa a ɗauka wannan illa ta faifai mai araha ce kaɗai. A shekarar 2011 faifan Intel 320 ya shahara da wani ciwo, in wuta ta ɗauke masa ba zato sai ya tashi yana cewa girmansa megabait 8 ne kacal. A farkon 2012 kamfanin Crucial ya fitar da gyara ga faifansa m4, wanda in ya cika sa'a 5,184 yana aiki yakan riƙa sandarewa bayan kowace sa'a guda. Wanda ya fi waɗannan tsanani shi ne sanarwar da kamfanin HPE ya fitar a Nuwamba 2019, cewa wasu faifansa na manyan kwamfutocin ofis za su mutu da zarar sun cika sa'a 32,768, wato shekara 3 da kwana 270 da sa'a 8, kuma daga nan ba faifan ba bayanan. Masana lissafi suka lura cewa wannan adadi shi ne daidai inda wani nau'in ma'aunin ƙidaya na kwamfuta yake cika ya tumbatsa. A Maris 2020 aka sake samun irinsa a kan sa'a 40,000. Abin tsoro a nan shi ne, faifan da aka saya rana ɗaya aka kunna rana ɗaya, rana ɗaya za su mutu, saboda haka mai faifai biyu a kwamfuta ɗaya, kowanne yana kwafin ɗan'uwansa, bai tsira ba. A farkon 2023 Samsung ya gyara famwayar 980 Pro, wanda wasunsa ke kulle kansu su ƙi karɓar rubutu, a 2023 ɗin kuma masu ɗaukar hoto da yawa suka yi kukan faifan tafi-da-gidanka na SanDisk Extreme ya zubar musu da aiki. Ƙananan faifai masu kwantirolar Phison S11 kuwa, masu gyara sun san su da wata alama: in sun rikice sukan mance sunansu su bayyana da sunan SATAFIRM S11.

To, idan abin ya auku, mas'ala ta farko ita ce a janye hannu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan Windows ta ce faifan yana bukatar a yi masa fomat ko a shirya shi sabo, a ce a'a. Kada a saki manhajar gyaran faifai ta chkdsk a kansa, domin ita gyaranta rubutu ne, rubutu kuwa a kan daftarin da ya rikice ƙara dagula shi ne. Kada a sake ɗora Windows, kada a sabunta famwaya da fatan ta warkar da shi, kada a miƙa shi ga mai filashin. Sai a zauna a rubuta a takarda abin da ya faru bi da bi: me ake yi lokacin da ya tsaya, wane saƙo ya fito, an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba, a kuma ɗauki hoton allon da waya.

Bayan haka sai a rarrabe ciwon, domin hali uku ne, kuma maganin ɗaya dafi ne ga ɗayan, a nan ne kuwa mafi yawan mutane suke tuntuɓe.

Hali na farko, faifan lafiyarsa ƙalau, mutum ne ya share fayil ko ya yi fomat bisa kuskure. A tsohon faifai abin da aka share yakan zauna a wurinsa har sai an rubuta wani abu a kai, shi ya sa ake iya tono shi bayan makonni. A SSD akwai wani umarni mai suna TRIM, wanda ya zo tun zamanin Windows 7 a 2009, da shi kwamfuta ke sanar da faifai cewa ɗakuna kaza ba su da mai su, ita kuwa kwantirola sai ta bi su tana sharewa a duk lokacin da ta sami sarari, ko da ba wanda ke taɓa kwamfutar. Saboda haka kowane minti da faifan ya yi da wuta a jikinsa, hasara ce. Hukuncin wannan hali shi ne a kashe na'urar nan take, a nemi fayil ɗin a wasu wurare tukuna, cikin wasiƙun imel, da saƙonnin WhatsApp, da ajiyar intanet, domin gaskiyar magana fatan dawo da shi daga faifan kansa ƙanƙane ne.

Hali na biyu, faifan yana bayyana da sunansa da girmansa na gaskiya, amma ya ƙi karɓar rubutu, ko yana nawa, ko wasu fayiloli sun ƙi buɗewa. Wannan rahama ce, domin kullewar da ya yi dabara ce da aka gina shi a kanta don ya ba ka damar kwashe kayanka, kuma ba a san tsawon wannan dama ba. A samo wani faifai lafiyayye wanda ya fi shi girma, a fara kwashe mafi muhimmanci: daftarin abokan ciniki, da bolisa, da fatura, da takardun bayanin kwastan. Wanda ya iya kuwa, ya tayar da kwamfutar daga filashin USB mai ɗauke da Linux, ya ɗauki hoton faifan ɗungurungum da manhajar ddrescue, wadda hikimarta ita ce tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi, ta tsallake masu gardama, ta rubuta inda ta tsaya, sa'an nan ta komo musu daga baya. A lura ƙwarai da wane ne uwa wane ne kwafi wajen rubuta umarnin, domin in aka juya su, an shafe abin da ake son ceto da hannun kai. Duk wani bincike da tono da za a yi bayan nan, a kan kwafin za a yi shi, uwar kuwa a cire ta a ajiye.

Hali na uku shi ne na ofishin dattijo: faifan ya ɓace gaba ɗaya, ko ya fito da baƙon suna, ko da girman da hankali ba zai ɗauka ba. A fara da abu mai sauƙi, a shiga BIOS a duba ko tana ganinsa, a kashe a cire shi a mayar da kyau, a sauya waya in mai waya ne, a gwada shi sau ɗaya a wata kwamfuta, domin iskar Jidda mai gishiri da laima takan ci bakin mahaɗi. Akwai kuma wata dabara da Crucial ya daɗe yana koya wa masu faifansa, wato a ba faifan wuta kaɗai ba tare da wayar bayanai ba, a bar shi kamar minti 20 zuwa 30, a cire na rabin minti, a maimaita, don kwantirola ta sami natsuwar gyara daftarinta da kanta. Takan yi aiki wani lokaci. Ka ga ke nan wutar da ke halaka mai hali na farko ita ce ake fatan ta ceci mai hali na uku. Amma ra'ayina shi ne, idan abin da ke ciki ya kai darajar a biya kuɗi a kansa, kuma babu kwafinsa ko'ina, to a tsaya daga gwajin farko a nufi gwani.

Gwani a nan ba kowane mai shago ba ne a titin Khalid bin Walid ko titin Falasɗinu, kamar yadda ba kowane mai tebur a Farm Centre ta Kano ba ne. A tambaye shi kai tsaye: faifai zai gyara ko bayanai zai ceto? Waɗannan sana'o'i biyu ne masu saɓani, domin mai gyaran faifai sharewa yake yi. Mai ceton bayanai na haƙiƙa yana da na'ura irin PC-3000 ta kamfanin ACE Lab, wadda ke shiga kwantirola ta ƙofar masana'anta, ta sake gina daftarin a wajen faifan ba tare da rubuta kome a cikinsa ba. Zai kuwa fara tambayarka sunan faifan, domin ba kowace kwantirola ce ake da mabuɗinta ba. Wanda ya ce zai ɓamɓare ƙwayoyin ajiya ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, a yi hattara da shi, domin faifan zamani da yawa suna rufe abin da suka rubuta da sirri, mabuɗin kuma yana hannun kwantirola. Idan kwamfutar tana da kullen BitLocker, sai an zo da lambar buɗewa mai alƙaluma 48, wadda sau da yawa tana ajiye a asusun Microsoft na mai ita. Kowane ofishi ya kamata ya buga wannan lamba a takarda yau, ya sa ta inda yake ajiye fasfo. A sani kuma garantin kamfani faifai yake mayarwa, ba ya mayar da bayanai, kuma faifan da za a aika musu yana ɗauke da hotunan fasfo da iƙama da lambobin mutane, waɗanda amana ce a wuyan mai ofis.

Sabunta famwaya kuwa rigakafi ne, ana yi wa mai lafiya. Gyaran da HPE ya fitar yana hana mutuwa amma ba ya tayar da wanda ya riga ya mutu, haka na Samsung bai buɗe faifan da suka riga suka kulle ba. Hanyarsa ita ce a fara sanin sunan faifai da lambar famwayarsa, da manhaja irin CrystalDiskInfo, wadda za ta kuma nuna sa'o'in da ya yi yana aiki, da zafinsa, da kason da ya ci na ƙarfinsa, da yawan lokutan da aka yanke masa wuta ba sallama. Sai a je wurin mai shi na asali, Samsung Magician ga Samsung, Storage Executive ga Crucial, SSD Manager ga Kingston. Idan kuwa faifan tare ya zo da kwamfutar Dell ko HP ko Lenovo, to daga gare su ake karɓa. Kada a karɓi famwaya daga hannun aboki ko wani shafi da ba a san isnadinsa ba. A karanta bayanin abin da sabuwar ta gyara, a kwashe duk bayanai gefe, a dakatar da BitLocker, a jona caja ko UPS, a rufe kowane aiki, sa'an nan a fara, kuma kada a taɓa maɓallin wuta ko da an ga kamar ta tsaya. In ofishi yana da kwamfutoci da yawa iri ɗaya, a yi wa ɗaya a zuba mata ido kwana biyu. Kada kuma a zaɓi yammacin Alhamis, ko ranar da jirgi ya iso, ko tsakiyar hada-hadar Hajji.

Akwai wani abu da ya keɓanta da garin nan, shi ne zafi. A Yuni 2010 ma'auni ya kai digiri 52 a Jidda, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yakan zarce abin da ke waje nesa ba kusa ba, ga shi kuma na sha ganin samarinmu sun bar jakar kwamfuta a kujerar baya sun shiga bin takarda sa'o'i. Cajin da ke cikin ɗakunan faifai yana tsiyayewa a hankali, zafi kuma yana gaggauta tsiyayarsa. Ƙa'idar hukumar JEDEC ga faifan gama-gari ita ce, wanda ya cinye ƙarfinsa na rubutu ya iya riƙe bayanai shekara guda ba wuta a zafin digiri 30. Sabo yakan daɗe fiye da haka, amma wannan ya isa hujja cewa SSD ba akwatin ajiyar shekaru ba ne. Wanda zai sa takardun bara a faifai ya jefa a sito, ko ya aika da shi Kano a ajiye masa a ɗakin kwano, gara ya nemi faifai mai juyawa. Abokan hulɗarmu na Kantin Kwari kuma, waɗanda wuta ke yanke musu sau da yawa a yini, UPS a wurinsu ya wuce mustahabbi.

Saura maganar kwafi, wadda ita ce kaɗai ke mayar da mutuwar faifai ta zama hasarar 'yan riyaloli. Masu wannan fanni sun yi ittifaƙi a kan kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani gini dabam. Wanda ya ga ambaliyar Nuwamba 2009 a Jidda ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan sharaɗi na ƙarshe. Ɗaya kuma ya zama a cire yake, ba ya jone da kome. A Yuni 2017 cutar kwamfuta ta NotPetya ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, har ya sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci kimanin 45,000, kuma an ruwaito cewa kwafin wata muhimmiyar rajistarsu da ya tsira a ofishinsu na Ghana aka same shi, saboda wuta ta ɗauke a can kafin cutar ta iso, aka ɗauko shi ta Najeriya aka kai Ingila. Malamanmu na da, in sun gama kwafar littafi, ba sa yarda da shi sai sun yi muƙabala, ɗaya yana karanta uwa ɗaya yana bin kwafi da ido. Haka ya wajaba a yi a nan: sau ɗaya a wata a jona faifan ajiya a wata kwamfuta, a buɗe daftari a ga ya buɗu, a duba layin ƙarshe a ga na kwanan nan ne, domin na ga ofishin da ya yi wata da watanni yana kwafar gajeriyar hanyar fayil yana zaton fayil ɗin yake kwafa. Daftarin kwantenar haɗaka kuwa, a buga shi a takarda ranar da aka rufe ƙofarta, a aika hotonsa ga wakili a Kano.

A ofishin dattijo sai da muka yi kwana huɗu muna sake gina daftarin. Yaron ya bi saƙonnin wayarsa ɗaya bayan ɗaya yana tsamo hotunan rasit, dattijon ya riƙa kiran Hajiyoyi a Kano da Maraɗi yana ba su haƙuri yana tambayar kowacce adadin kayanta da alamarta, wakilinsu kuma ya yi alkawarin ƙirga katan-katan da idonsa ranar saukewa. Lissafin kaya ya fito, sai na bashi ne ya gagara, domin wasu sun biya hannu da hannu ba rasit, dattijon kuwa ya ce duk wadda ta ce ta biya a rubuta ta biya. Da kwantenar ta isa, katan biyu suka saura masu ɗauke da alamar jan fenti da ba wanda ya gane, aka sa su a kusurwar sito ana jiran mai su ya zo.